Ranar da Kakana Ya Zauna a Gaban Mota

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, a shekarar ce na fara shiga motar gwamnati. Damina ta ja baya, ana haƙar sabuwar doya, ni kuma ina da shekara goma sha uku. Ranar Asabar ce. Na riƙe ranar ne don an ce ran Litinin da ke biye zan fara zuwa makarantar boko. Ban kuwa fara ba sai bara, da furfura a gemuna.

Abin da ya tono mini wannan rana a ajinmu na yaƙi da jahilci ya faru, nan Mpape, inda muke haɗuwa bayan La'asar a kan bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu na gugar tebur. Da Hausa muka fara, bana aka ƙara mana Turanci kaɗan-kaɗan. Makon jiya malamarmu, wata 'yar Filato mai haƙuri da mu, ta rubuta kalmomi biyu a allo, "back" da "rear". Ta ce duk baya ne. Ta farko ta kowa ce da komai: bayan mutum, bayan hannu, bayan kujera, bayan littafi. Ta biyu kuwa an fi ajiye ta don mota da gini, ita ake rubutawa a allon sanarwa da takardun ofis, wai ta fi tsafta a baki. Wani mai fasa dutse da ke zaune kusa da ni ya ce, "Malama, to mu da ke zaune a bayan Maitama, wacce ce tamu?" Ta ce, "Kai dai rubuta, surutu ya yi maka yawa." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na zuba wa kalma ta biyu ido, haruffa huɗu, na ga na san ta, irin sanin da kake yi wa fuskar mutumin da ya taɓa wulaƙanta ka ba ka san sunansa ba. A jikin wani allo mai kibiya na fara ganinta, a bangon gidan ƙanin mahaifina.

Bari in fara da kakana, don shi ya raine ni. Mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya gangaro Paikon Kore tun ba a fara zancen gina birni a nan ba, mutanen garin, Gbagyi, suka ba shi gona, ya koyi noman doya a wurinsu har su ma sukan tsaya a bakin gonarsa su yaba. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu. Da aka zo neman yaran makaranta, kowane gida ya ba da ɗaya, sai ya ba da ƙaramin ya riƙe babban a gona. Babban shi ne mahaifina, Baba. Ƙaramin shi ne Baffa. Dukansu Malam suke ce wa kakana. Baffa ya yi ta hawa, firamare, sakandare, jami'a, har ya samu kujera a wata ma'aikatar tarayya. Baba ya yi noma har ya gaji, ya koyi tuƙi a motar kasuwa, Baffa ya samo masa aikin direba a ma'aikatarsu, daga baya aka haɗa shi da motar Baffan kansa. A ƙauye ana yaba wannan ƙwarai. Ana cewa ga ƙane mai zumunci, bai bar wansa a rana ba. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gani da idonsa.

Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka a hannun kakana da gwaggona na tashi. Ban san wani abu da ya fi ƙanshin doyar da ake gasawa a gona da tsakar rana ba, a kankare bawon da wuƙa, a tsoma a manja da barkono, ana ci ana hura yatsu. Kakana ba mai yawan magana ba ne. Idan baƙo ya ba shi hannu, tafin yake fara ji kafin ya dubi fuska, in ya ji laushi sai ya rage fara'a. Yana da farar riga guda ɗaya a cikin akwatin ƙarfe, da kafur a ninkinta, ba ta fitowa sai Idi ko ɗaurin aure. Karatun allo na yi a wurin limaminmu, na yi nisa daidai gwargwado. Boko kuwa kakana bai hana ba, bai kuma ga gaggawarsa ba, don a ganinsa gida ya riga ya ba da nasa.

Abin da ya sauya masa ra'ayi takarda ce. A bazarar shekarar wasu mutane suka zo da abin awo mai ƙafa uku, suka kakkafa 'yan turakun siminti a gefen gonaki, suka bar wa kowa takarda. Gidanmu aka rasa mai karanta ta. Kakana ya ɗauke ta a aljihu kwana huɗu yana neman wanda zai yarda da shi, daga ƙarshe wani malamin makaranta ya karanta masa a tsaye, yana duba agogo. Da ya dawo ya ce gidan nan ba zai sake rasa mai karanta takarda ba. Da Baffa ya zo gaisuwa ya gaya masa. Baffa ya dafa kaina da hannunsa mai taushi kamar burodi ya ce, "Ai nawa ne, Malam. A gama haƙar doya a kawo shi." Daga ranar na fara ƙirga kasuwanni.

Ranar Asabar ɗin da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gidanmu. Fara ce mai lambar gwamnati, da 'yan labule a tagogin baya, an lulluɓe kujerun da farin leshi. An ƙara wa Baffa girma a cikin sauye-sauyen sabuwar gwamnati, ya zama darakta, ranar kuma yake walima. Abin da ban sani ba sai da na girma, saƙon da ya ba Baba kashi biyu ne: yau a ɗauko doya da zabi don girki, gobe Lahadi in baƙi sun watse a ɗauko tsoho da yaro. Amma labarin walima ya riga motar isowa. Da Baba ya shigo ya tarar kakana ya yi wanka, ya sa farar rigar, ya naɗa rawani, yana zaune a tabarma da sandarsa a cinya. Ka gaya mini, wane ɗa ne zai dubi ubansa a haka ya ce masa kai na gobe ne? Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya haɗiye rabin saƙon.

Aka loda doya talatin, zaɓaɓɓu, waɗanda kakana ya ware da hannunsa. But ɗin motar ya cika, sauran aka jera a ƙasan kujerar baya tare da zabi huɗu a ɗaure. Sannan Baba ya buɗe ƙofar baya ta dama ya riƙe.

"Malam, bismillah."

Kakana ya dubi kujerar, ya dubi Baba. "Ni buhun masara ne?"

"Malam, a birni nan ne wurin manya. Nan ɗanka yake zama."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Haka tsarinsu yake."

"Tun kana cikin tsumma nake shiga mota, ban taɓa ganin an ajiye dattijo a baya tare da kaji ba. Buɗe mini gaba."

Kai da ka tashi a birni kana iya yin dariya, amma gaskiyar kakana ce a wurinmu. A motar kasuwa gaba ne wurin girma. Nan liman yake zama, nan mai unguwa, nan wanda ya fi kowa shekaru, kusa da direba, yana ganin hanya ana hira da shi. Baya na kaya ne da awaki da yara. Sai masu boko ne suka ga girma a cikin ɓuya bayan labule, mutum ya zauna shi kaɗai yana kallon ƙeyar wanda ke tuƙa shi. Baba ya san abin da zai iya biyo baya, na ga hakan a fuskarsa, amma ya buɗe gaba. Ni aka sa a kujerar darakta, ƙafafuna a kan doya, zabo yana numfashi a jikin ƙwaurina.

Tun kafin mu wuce Gwagwalada kakana ya sa aka kashe na'urar sanyi, ya ce wannan iskar marasa lafiya ce. Ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu, yana ɗaga wa kowane ɗan sanda hannu. Shekarar kuɗi ce, ko dai haka ake cewa. Ko'ina tifa ɗauke da yashi da dutse, ko'ina bene da rodi a tsaye a kansa, sababbin motoci da ledarsu a kujera. Kakana bai ce komai a kan benayen ba. Ni yake yi wa huɗuba ba tare da ya waiwayo ba: in an tambaye ni sunana in faɗa da ƙarfi, kada in ci abinci a tsaye, kada in raina yaran da zan girme wa a aji. Ya ƙare da cewa, "Daga yau in Baffanka ya yi maka faɗa, ni na yi maka. In ya nuna maka hanya, ni na nuna." Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Layin gidan ya cika da motoci. An kafa rumfuna a harabar gaba, an jera fararen kujerun roba, maza cikin shadda mai maiƙo, mata cikin gwala-gwalai. A bakin ƙofa akwai wani matashi cikin kwat, daga ofis aka aro shi don ya tsara shiga. Na lura da yadda yake aiki, don motoci uku ne a gabanmu. Ba ya duban gaba sam. Tagar baya yake leƙawa, in ya ga wanda ke can sai ya rusuna ya sa a buɗe. Da aka zo kanmu ya leƙa baya ya ga yaro da doya da zabi. Ya kalli gaba ya ga tsoho. Ya buga rufin motar da tafin hannu, ya nuna allon nan mai kibiya da aka rataya a bango, ya ce, "Direba, kayan kicin ta baya."

Baba ya sauke murya ya ce, "Mahaifin oga ne."

Matashin ya sake duban kakana daga rawani zuwa takalmi. "Mahaifin oga, a gaba?" Ya yi 'yar dariya. "Haba, direba."

Ban riƙe wannan matashi a rai ba. An koya masa ya nemi mutum a kujera ɗaya, bai same shi a nan ba, iyakar saninsa ke nan. Wanda na riƙe shi ne mutumin da ke tsaye a baranda, taku ashirin daga motar, yana karɓar baƙi. Baffa ya gan mu. Na ga lokacin da ya gan mu, don murmushinsa ya tsaya cak kafin ya ci gaba. Ya taho tare da wani babban baƙo mai tumbi da suke magana, ya faɗa masa wani abu da Turanci, baƙon ya gyaɗa kai ya yi mana murmushin da ake yi wa mai neman taimako. Shekaru bayan haka Baba ya fassara mini. Cewa ya yi mutanen ƙauyensu ne. Ka ga bai yi ƙarya ba. Masu ilimi ba sa buƙatar ƙarya sosai, sun iya zaɓen gaskiyar da za ta yi musu aikinta.

Kakana ya riga ya kama marfin ƙofa zai fito. Baffa ya ɗan sunkuyo a tagar, hannunsa a kan ƙofar yadda ba za ta buɗu ba, ya ce, "Malam, sannu da hanya. Bari a kai ku ku huta, ina zuwa." Sannan ya ɗago ya dubi wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce, "Direba, me na ce maka?"

Kakana ya saki marfin ƙofar a hankali. Ya juya ya dubi Baba, yana jiran ya ji abin da zai ce. Baba ya ce, "Yi haƙuri, oga." Ya sa giya, muka bi kibiya.

Lungu ne siriri tsakanin katanga biyu, ya ɓulle a wani fili da aka shafe da siminti. Nan janareta yake ruri, nan durom ɗin shara, nan tukwanen girki a kan murhu, ruwan wanke-wanke na bin ƙasa. A jikin katanga akwai ɗakuna uku a jere. Na tsakiya shi ne na Baba. Katifa ce a ƙasa, ƙusa biyu a bango da kayansa a rataye, taga ɗaya tana kallon janareta. Shekara tara ke nan yana nan. Kakana ya tsaya a bakin ƙofar ya dubi ɗakin, bai shiga ba. Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a waje.

Mai girkin gidan, wani ɗan Binuwai, shi ya zo sauke doya. Ya ɗaga guda ya auna ta a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Baba, wanda ya noma wannan ya san aiki. Kai ne?" Kakana ya ce shi ne. Mutumin ya ajiye doyar, ya goge hannu a jikin wandonsa, ya ba shi hannu biyu. Iyakar girman da aka ba kakana a gidan ɗansa ke nan, kuma daga bakin wanda bai san ko shi wane ne ba.

Bayan Azahar matar Baffa ta fito ta ƙofar kicin da leda a hannu. Ta fi mijinta kunya, ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa, ta ce a yi haƙuri gidan ne ya cika. Ta miƙo mini ledar. Farar riga ce da gajeren wando, sandal, littattafan rubutu huɗu da fensir. Ta ce an riga an yi mini rajista, aji uku za a sa ni saboda girmana, Litinin Baba zai kai ni. Ina so ka riƙe wannan, don kada ka ɗauka alkawarin baki ne kawai. Makarantar tana nan, sunana yana cikin littafinsu. Na sa rigar nan take a kan ta jikina. Allin tela yana nan a bakin aljihu, ƙanshin sabon yadi ya rufe mini warin shara. Na je jikin gilashin motar na dubi kaina ya fi sau goma.

Aka kawo abinci a faranti, kakana bai taɓa ba. Yana zaune yana jan carbi, hayaƙin janareta yana sauka a kan farar rigar. Daga gaba lasifika na kawo mana jawabai. Wannan ya tashi ya ce darakta mutum ne mai tawali'u, wancan ya ce ɗan gidan tarbiyya ne. Daga ƙarshe Baffa ya karɓa. Ya yi Turanci mai tsawo, sannan ya sauko Hausa don jama'a su ji taushin zuciyarsa. Ya ce shi ɗan manomi ne, bai manta ba. Ya ce duk abin da ya zama, mahaifinsa ne sila, shi ya kai shi makaranta. Muryarsa har rawa take. Ya ce, "Allah ya ƙara masa lafiya, yana can ƙauye yana yi mana addu'a." Aka yi tafi mai tsawo.

Baba ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Mai girki ya daina yankan albasa, ya dube mu, sai yanzu ya gane. Kakana bai daina jan carbi ba. Ya ce, "Amin."

Sai bayan La'asar Baffa ya zo, ta ƙofar kicin, yana waiwaye. Nan, inda ba mai ganinsa sai janareta da mai girki, ya durƙusa har ƙasa, ya tattare shaddarsa a cinya kada ta taɓa ruwan wanke-wanke.

"Malam, ka gafarce ni. Ba ka san Abuja ba ne, mutanen nan ido gare su. Da a baya ka zauna a motar, da ba wanda zai tare ku a ƙofa, da sun san babba ne."

"Yaron ƙofa bai san ni ba, ban ga laifinsa ba," in ji kakana. "Kai ma kujerar ce ta ɓatar da kai?"

Kakana ya nuna Baba da kan sanda. "Wannan da ka kira direba, ka san shi?"

"Malam, tsarin aiki ne. A ofis ba a..."

"In rafi ya cika, a wuyansa kake hayewa zuwa makaranta, da littattafanka a ka. Ya sauke ka ya dawo gona da jiƙaƙƙen wando." Ya sauke sandar. "A aji nawa ake koya muku wannan?"

"Wanne, Malam?"

"Inda ake ajiye uba da wa."

Sai ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Cire musu rigarsu."

Ban motsa ba, don ban yarda da ni yake ba. Baba ya matso a gwiwa ya ce, "Malam, yaron nan bai yi komai ba. Ka bar shi ya yi karatunsa. Ni na ji na gani, zan jure."

"Na ga abin da kake jurewa," in ji kakana, ya nuna ɗakin tsakiya da haɓa. "Na ba su ɗaya, ga abin da suka dawo mini da shi. Ba na ba su na biyu."

Na cire rigar. Na ninke ta yadda na same ta, na mayar cikin leda tare da sandal da littattafan, na ajiye a kan tabarma. Fensirin na so in ɓoye a wando, na ga kakana yana kallona, na ajiye shi ma.

Baffa ya ce a fito da mota a mayar da mu. Kakana ya ce ya gode. Ya kama hannuna, maimakon ya bi lungun da muka shigo, sai ya shiga ƙofar kicin, ya ratsa falo, ya fito baranda, ya bi tsakiyar rumfunan nan a hankali yana dogara sanda, Baba na biye da mu. Na ɗauka wuri zai yi tsit. Ba abin da ya faru. Mutanen da suka gama tafa wa manomi uban darakta ba su ko ɗago daga farantinsu ba. Ɗaya ne kawai ya lura, ya sa hannu a aljihu zai ba da sadaka. Kakana bai dube shi ba. Muka fita ta babbar ƙofa, matashin nan mai kwat yana ta mamakin ta ina muka shigo.

A tasha motar Gwagwalada ta kusa cika, wani saurayi ya riga ya kama gaba. Kwandastan, wani mai yagaggiyar riga, ya ga kakana ya ce wa saurayin, "Kai, sauko, ba ka ga Baba ba?" Saurayin ya sauko ba musu. Kakana ya hau gaba, ya gyara rawaninsa, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Ni ina can baya a matse tsakanin buhuna, ina kuka ba sauti, ba kuma don abin da aka yi masa nake kukan ba. Rigar nake yi wa.

Ran Litinin, ranar da zan shiga aji uku, Baba ya kai makullin mota ofis ya ajiye. Ya koma jan a-kori-kura a kasuwar Gudu, yana kwana a shagon wani abokinsa. Akwai firamare a ƙauyenmu, amma kakana ya ce ko ƙofarta kada in bi. Baffa ya aiko mutane sau uku da buhun shinkafa da atamfa, aka mayar. Ya zo da kansa sau ɗaya, kakana ya juya fuska ga bango har ya tafi. Shekara shida bayan haka kakana ya rasu. Baffa ya zo da motoci biyar, ya zauna a tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa, ya fi kowa iya kuka. Ni a lokacin na kai sha tara, kunya ta hana ni zama da yara a benci, sai aure, sai 'ya'ya, sai neman abinci. Da wani mai kuɗi ya zo sayen gefen gonar, na dangwala yatsa a takarda, daga baya na ji ba gefe takardar ta ce ba, rabi ta ce.

Yanzu doya nake sayarwa a Mpape. Nakan kai wa manyan gidaje a ƙasan tudu, kuma har yau kibiya nake bi, sai dai yanzu ina iya karanta abin da ke rubuce a samanta. Gidajen sun ƙara tsawo, katangun sun ƙara waya, ɗakunan baya suna nan yadda na san su. Da malamarmu ta ce kalma ta biyu ta fi tsafta, na yarda da ita. Mutanen da ke ajiye nasu a can dole su nemi suna mai tsafta su sa wa wurin. Baffa yana nan da rai, ya yi ritaya, an ce yana yawan ba da labarin mahaifinsa manomi a wurin taro. Ba na gaba da shi, in mun haɗu a jana'iza ina gaishe shi. Girmansa ne dai ban sake gani ba tun ranar.

Kakana kuma na daɗe kafin in iya faɗin wannan: gaskiya ce da shi, amma ni ta faɗa wa. Bai ga bambanci tsakanin karatu da mai karatun ba. 'Ya'yana huɗu duk suna makaranta, kuma babbar ce ke duba mini wannan rubutu in na gama shafi. In muka shiga mota da tsoho, ba na jira a gaya musu wanda zai zauna a gaba.

Ga abin da aka rasa a wannan Asabar. Doya talatin da zabi huɗu, an ci ba a san mai su ba. Rigar makaranta ɗaya, na sa ta daga Azahar zuwa La'asar. Aikin Baba na shekara tara. Shekara shida da uba bai yi wa ɗansa magana ba har aka binne shi. Rabin gona. Sai shekara ashirin da biyar nawa, daga waccan Litinin zuwa ranar da na sake riƙe fensir.